Allon da Ba a Karantawa a Mashayar Garma

Lower Hopcott, Shropshire
Lahadi, 17 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga Baffa Aubrey,

Ka san ƙanenka Wilf bai iya karatu ba, ko ba ka sani ba? Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba, kuma da Mama tana raye da ta fizge takardar nan ta cusa a murhu ta ce in sake. Sau uku ina farawa da gaisuwa ina yagewa, saboda tambayar ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Yanzu da ta fita, ga gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci ɗa ga wan ubansa. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Lorna da yara da jikoki, kuma sanyin Manitoba ya fara sakin ku. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan da ka ce tana damunka, ya ba ka tsawon rai mai amfani. Mu nan lafiya lau. Yayata Gwenda tana nan ƙalau, 'yarta ta fitar da haƙora biyu, kuma duk wanda ya miƙa mata yatsa ya ji a jikinsa. Tumaki sun gama haihuwa, mun rasa 'yan raguna tara saboda ruwan da aka yi ta yi a ƙarshen Fabrairu, sauran suna tsalle a gangaren bayan gida. Ni ina nan a injin tsaga katako, ba a kore ni ba tukuna, ko da yake shugaban aikin ya ce bakina ya fi zarton kaifi. Baba ma jikinsa lafiya. Abin da ke damunsa ba na jiki ba ne, kuma shi ya sa nake rubuto maka.

Kai ka bar mashayar Garma tun lokacin da ba a sayar da komai a cikinta sai giya da dafaffen ƙwai a ruwan tsami. Azarar nan da ke bugun goshin dogaye tana nan, murhun yana nan, amma yanzu ran Lahadi ana cin abincin rana. Mavis Tranter, 'yar mai mashayar, wadda ka sani tana yarinya, ita ke riƙe da wurin. Akwai allo a jikin bango kusa da murhu, kowace Lahadi takan rubuta abincin ranar da alli. Amma tun ina yaro ban taɓa ganin ɗan ƙauyen nan ya ɗaga kai ya karanta allon ba. Sai dai mutum ya zauna ya tambayi Inna Mavis me ke akwai, ita kuma ta tsaya, tsumma a kafaɗa, ta jero daga sama har ƙasa da muryar da ake ji har wurin ajiye motoci. Fasto ma haka yake yi, da likitan dabbobi, mutanen da suka gama jami'a. Baƙi masu yawon tsaunuka ne kaɗai ke tsayawa gaban allon suna karkata kai. Ni kuwa abin ya daɗe yana cin raina. Ka san makaranta ba ta yi mini komai ba, na fito ina haɗa baƙi da ƙyar. Sai da gungume ya karya mini ƙafa ina ɗan sha bakwai, na kwanta wata uku, sannan na koya wa kaina da littattafan da motar laburare ke kawowa. Tun daga nan nake ganin duk wanda ya iya karatu kuma ya ƙi yi, rago ne. Na sha faɗa cewa ƙauyenmu ƙauyen ragwaye ne, abincin da za su ci ma sai an karanta musu. A gaban Baba na sha faɗa.

Ranar da Baba ya cika sittin muka kama babban teburin gefen taga. Akwai ni, da Gwenda da mijinta, da Cyril Beddoes, abokin Baba tun suna yara, wanda na tabbata ba ka manta da shi ba. Mashayar a cike take, saboda duk wanda ya ji ranar Wilf ce sai da ya leƙo. Cyril ya tambayi Inna Mavis me ta ƙona mana yau. Ta ce ba ta ƙona komai ba tukuna, amma kunnensa na kan layi. Ta fara jerowa: gasasshen naman sa da romo, da dankali, da kabeji da karas, ko naman rago da ganyen na'a-na'a, ko nama da ƙoda da aka lulluɓe da kwaɓin fulawa aka gasa. Ta ƙara da cewa naman san ya yi laushi ƙwarai, musamman don masu haƙoran roba da ke kwana a kofi, tana kallon Cyril. Ana cikin dariya, ba ta kai ga gasasshiyar tuffa ba, sai bakin nan nawa ya kuɓuce. Na ce, "Inna Mavis, mun fa iya karatu a teburin nan." Ta dube ni, ba fushi, ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ni ce ban iya rubutu ba, kaza ta fi ni." Ta ci gaba daga inda ta tsaya. Gwenda ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ɗauka don rashin kunyar da na yi ne kawai.

Saƙonka yana aljihuna. Ni ka aiko wa shi a wurin aiki, ka ce in ɓoye sai ranar, ka kuma rubuta a bayan ambulan cewa Wilf ne zai buɗe ya karanta da bakinsa a gaban kowa. Da ka aika gida da ya faɗa hannun Gwenda, da ba a yi abin da aka yi ba. Abinci na sauka na miƙe, na ƙwanƙwasa kofi da cokali, na sanar da duk mashayar cewa ga saƙo daga Kanada. Aka yi tafi. Na miƙa wa Baba. Ya buɗe a hankali, ya warware takardar, ya zuba mata ido. Can ya ce ya bar tabaronsa a gida, Gwenda ta karanta. Gwenda har ta miƙo hannu. Ni kuma, gwanin lura, na ce ai ga tabaron can a aljihun rigarsa, ina gani, kuma Baffa ya ce da bakinsa. Ya ciro ya saka. Baffa, ban taɓa jin Garma ta yi shiru irin na lokacin ba, har ƙarar itacen murhu ana ji. Yana riƙe da takardar, wuyansa ya yi ja. Sai Cyril, mutumin da bai taɓa zubar da ɗigon giya ba a rayuwarsa, ya kai gwiwar hannu ya ture cikakken kofinsa na giyar tuffa, ta malale kan takardar da rabin tebur. Nan take mashayar ta ɓarke. Kowa ya hau Cyril da zagi, wani ya ce tsufa ya kama shi, wani ya ce a riƙa ba shi a kwalbar jarirai, Inna Mavis ta zo da tsumma tana cewa za ta rubuta sunansa a ƙofa ta hana shi shiga. Ni kaɗai ne zagina ya kasance na gaske. Na kira shi tsohon banza mashayi, wanda ya lalata wasiƙar da ta ƙetaro teku. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri.

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi Cyril, ya daɗe yana dubansa, sannan ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabaron, ya cinye abincinsa tas har da goge romo, ya gode wa Inna Mavis, ya ce zai je ya duba wata tunkiya da ke naƙuda. Ya tafi a ƙasa, bai jira mota ba. Tun daga ranar bai sake taka Garma ba. Yau Lahadi ta shida ke nan. Mutumin da tun rasuwar Mama ba shi da wurin da yake zama ya yi hira da dariya sai can, yanzu ran Lahadi yakan ɗumama wake na gwangwani ya ci a tsaye, shi da kare.

Gwenda ce ta ja ni waje, jikin katangar dutse, ana yayyafi, ta gaya mini. Ta ce ita ma ba ta sani ba sai da Mama ta kwanta a asibiti ta damƙa mata amanar. Na ce ƙarya ne, ai kullum yana duba jarida. Ta ce in tuna wane shafi. Shafin kasuwar dabbobi ne, lambobi, su ya sani. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Wasiƙunka na Kirsimeti Mama ce ke karantawa a tebur, wai muryarta ta fi daɗi. Takardun gwamnati ita ke cikawa, wai rubutunsa ba kyau. Lokacin da nake kwance da karaya, ina fama da littafin farko, yakan shigo da ƙazantar garke a takalminsa ya zauna gefen gado ya ce in karanta da ƙarfi don ya ji ko ina yin daidai. Ni kuma in yi ta zuba, ina jira ya gyara mini, bai taɓa gyarawa ba, na ɗauka ƙwarewata ce. Shekara ashirin da huɗu ina gida ɗaya da mutum, na karanta littattafai sun fi ɗari biyu, ban gane abin da ke gaban idona ba.

Ran Talata da rana na je wurin Inna Mavis, na same ta tana goge teburin sayar da giya, ba kowa. Na ba ta haƙuri. Ta ajiye mini shayi ba ta tambaye ni ko ina so ba, sannan ta ba ni labarin allon. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ne suka fara dafa abinci. Lahadin farko ta ga Baba ya tsaya gaban allon, hannu a aljihu, ya daɗe, sannan ya ce shi ba ya jin yunwa, a ba shi giya kawai. Ta san tun asuba yake gona. Sai ta yi kamar tana alfahari da girkinta, ta jero wa duk ɗakin abin da ta dafa, shi kuma ya ce to tunda ta matsa, a ba shi rago. Lahadi ta biyu, Cyril, wanda shi ke karanta Littafi Mai Tsarki a coci in fasto ba shi da lafiya, ya shigo ya juya wa allon baya ya tambaye ta me ke akwai. Na bayansa ya yi haka. Daga nan abin ya zauna. Ta rantse mini ba a taɓa zama an shirya ba, ba wanda ya taɓa furta dalilin, ko ita da mijinta ba su taɓa maganar ba har ya mutu. Yaran yanzu ma suna yi ba su san mafarin ba, sun ɗauka haka ake yi a Garma. Na tambaye ta me ya sa ba ta cire allon gaba ɗaya ba. Ta ce baƙi suna bukata, kuma in ta cire, Wilf zai tambayi kansa dalili.

Wannan ne ya kai ni ga abin da ya fi yi mini ciwo. Na ɗauka kunyar rashin iya karatu ce ta hana Baba komawa. Wata safiya muna raba wa tumaki ciyawa na tattaro ƙarfin hali na ce masa zan koya masa, mu biyu, ba wanda zai sani. Bai daina aikin ba. Ya ce shi ba wannan ne ya dame shi ba, ya yi shekara sittin a haka kuma tumaki ba su taɓa neman ya karanta musu komai ba. Sannan ya jingina da ƙofar garke ya ce, "Na ɗauka na iya ɓuya, Clive. Ashe duk ƙauye ne ya rufe ido don in ji daɗi." Ya ce da Cyril ya ture kofin nan, kuma ya ji yadda kowa ya kama zagi a lokaci ɗaya kamar mawaƙan coci, a nan ya gane. Ya ce ta yaya zai koma ya zauna ya tambayi Mavis me ke akwai, alhali ya san duk ɗakin don shi suke tambaya?

Na yi ta juya maganar. Kwanakin farko haushin ƙauyen na ji, na ce sun mai da babban mutum jariri. Daga baya na ga ban taɓa karanta wani alheri a littafi da ya kai wannan ba: mutane su yi shekara ashirin da biyu suna yin kamar makafi, ba wanda ya nemi a gode masa. Har yanzu duka biyun ina ji, sun ƙi rabuwa. Mutanenmu sun iya rufa asiri, amma ba su iya buɗe baki ba. Za su taso cikin ƙanƙara su ciro maka tunkiya daga rami, amma ba za su iya dubanka su ce sun san abin da ke damunka ba. Shirun nan ya tsare Baba shekaru, kuma shi ne yanzu ya rufe masa ƙofa. Na tabbata abu ɗaya ne zai buɗe ta: a faɗi maganar a fili sau ɗaya, a faɗe ta yadda take, don a gane ba abin kunyarsa ba ne.

A nan ka shigo, Baffa. Takardarka na shanya ta a kan murhu, rabin tawadar ya tafi, amma abin da ya rage ya karantu. Ka rubuta cewa tun kuna yara Wilf bai damu da littafi ba, ya fi son tumaki, kai kuma Allah ya yi ka da son boko, kowa da rabonsa. Na kai wa Cyril wannan layin ranar da na je ba shi haƙuri a gida. Ya karanta, sannan ya ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Ya ce shekarar da doki ya harbi Kaka ya gurgunta shi, kana ɗan shekara goma, Baba yana bakwai. Dole ɗaya ya zauna a gona. Malamin makaranta ya zo har gida ya ce kada a kuskura a cire Aubrey, kansa yana ja. Aka cire Wilf. Duk lokacin da jami'in makaranta ya zo tambaya sai a ce yana ciwon ƙirji, daga baya yaƙi ya zo ba wanda ya ƙara tambaya. Cyril ya ce benci ɗaya suke zama, kuma Wilf ya riga shi haddace baƙaƙe. Ya ce ya ga Wilf yana kuka a bayan katangar makaranta, yana leƙe ta taga, igiyar saniya a hannunsa. Kuma da ka samu shiga babbar makarantar Ludlow, Wilf ne ke ɗaura keken doki kowace Litinin ya kai ka bakin hanya ka hau mota. Ka zama shugaban makaranta a ƙasar wasu, ka koya wa dubban yara karatu, muna alfahari da kai, Baba ya fi kowa. Ban ce laifinka ba ne, yaro ɗan shekara goma ba shi ke yanke hukunci ba. Amma shekara talatin da biyar kana karɓar amsa da rubutun Mama, daga baya na Gwenda, ko layi ɗaya ba ka taɓa gani da hannun ƙanenka ba. In ka sani, me ya sa ka ce ya karanta a gaban jama'a? In ba ka sani ba, me ya hana ka tambaya?

Baba bai san ina rubuta wannan ba. Da na ambaci sunanka cewa ya yi kada in dame ka, kai ma kana da naka. Gwenda ta ce in bari, bakina ya riga ya yi ɓarnar da ta isa shekara. Wataƙila tana da gaskiya, wataƙila wannan wasiƙar ma wata ɓarnar ce. Amma na gwada shiru na sati shida, kuma Baba yana nan yana cin wake a tsaye.

Ka gaishe mini da Inna Lorna, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa wa 'yar Gwenda ta yi daidai. Ka gai da Desmond da matarsa, da Philippa, da jikoki duka. Gwenda da mijinta suna gaisuwa. Cyril ya ce a gaya maka har yanzu ka fi shi sanƙo a hoton da ka aiko. Inna Mavis ta ce in ka zo ka sunkuya, azarar ba ta girmama shugabannin makaranta.

Ka rubuta cewa za ka zo a watan Yuni. Ka zo. Kada ka ba ni amsa a takarda, don takarda ni kaɗai zan karanta, ni kuwa ba ni aka ci wa fuska ba. Lahadin farko da saukarka ka je gona da kanka ka ce wa Baba ya raka ka Garma. Ni ya ƙi bi na, ya ƙi bin Gwenda, amma bai taɓa ƙin kai ka wani wuri ba. Ni zan fara miƙewa in faɗi tawa wautar a gaban waɗanda na yi ta a gabansu. In na zauna, kai kuma ka miƙe, a ɗakin nan, Cyril yana ji, Mavis tana ji, ka faɗa musu da muryar da kake yi wa ɗalibai jawabi wane ne ya zauna a gona don ka je makaranta, kuma ko ka taɓa ce masa ka gode.

Ni ne ɗanka,
Clive Gittins